Abin da aikin tafinta ya koya mini a kotu

Na ajiye aikin tafinta bayan shekarun da na yi a wata kotu ta jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, kuma babban abin da na fahimta shi ne, akasarin cutar da ake yi wa talaka tana aukuwa ne tun kafin alƙali ya ga fuskarsa. Jama'a suna sa ido a kan ranar hukunci, alhali kuwa tsakanin ofishin jandarma da gidan kaso da kabad ɗin takardu ake cinye rayuwar mutum.

A lokacin da nake aiki, dokar ƙasarmu ta ƙayyade cewa tsaron jiran shari'a ba zai wuce wata 12 ba a kan ƙaramin laifi, wata 30 kuma a kan babba. Wanda ke riƙe da takardun ƙara a ofishinmu ya fi ni sanin wannan, amma a wurinsa dosiye, wato tarin takardun ƙarar mutum, ba ta motsawa sai idan mai ita yana da wanda zai zo gaisuwa. Akwai wani saurayi daga wani ƙauye na wajen Madarunfa da aka tsare bisa zargin satar rago, wa'adinsa ya cika har ya wuce, takardarsa tana ƙarƙashin na waɗanda ke da dangi a gari. Mahaifiyarsa takan shigo ranar kasuwa, Litinin ko Juma'a, ta tare ni a bakin ƙofa domin ni kaɗai nake yi mata magana da harshen da take ji, ta ce, "Ɗana, yaushe za a kira shi?" Ni kuwa ba abin da nake iya ce mata sai, "Inna, a ƙara haƙuri."

Da abin ya ishe ni, na shiga wurin maigidan ofishinmu cikin ladabi na ce, "Ranka ya daɗe, wa'adin yaron nan ya wuce." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, an ɗauke ka ka juya magana ne, ba ka ƙirga watanni ba." Daga ranar aka daina sa ni a manyan zama, aka kuma rubuta a takardar aikina cewa ina shiga abin da ba ruwana. Sa'ad da aka gurfanar da saurayin daga baya, hukuncin da aka yanke masa bai kai rabin zaman da ya riga ya yi ba, aka sallame shi a ranar, kuma babu wanda ya tambayi wa zai biya shi daminar da bai noma ba. Maigidan namu, in ba ku sani ba, ƙarin girma ya samu.

Sauran darussan gajeru ne. Bayanin da ake ɗauka a cikin awa 48 na tsaron farko bayan an kama mutum, da Faransanci ake rubuta shi, mutum ya dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa ba, kuma wannan takarda ce za ta bi shi har gaban alƙali. An ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, amma ban ga hakan ya kai ga takardun ƙara ba kafin in tafi. Hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 domin ba marasa hali taimakon shari'a kyauta, ƙauyawa da yawa ba su taɓa jin sunanta ba, lauyoyi kuma galibinsu suna Yamai.

Wanda zai gaje ni, ina ba shi shawara ya riƙe littafinsa na kansa, ya rubuta ranar da aka kai kowane mutum kaso, domin ranar da dosiye ta ɓace wannan littafin ne kawai zai nuna tun yaushe mutumin yake ciki. Sai dai ya ajiye shi a gida, kada ya bar shi a kan teburin ofis.