Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Neman wa Ummi Makaranta

A makon jiya na tsaya a inda likitan kunne na asibitin LUTH da ke Idi-Araba ya tabbatar mana cewa sanƙarau ya tafi da jin 'yata Ummi. Shekararta 3 a lokacin. Da ta kai 6, sa'o'inta a layinmu na Agege duk sun fara saka yunifom, sai maganar makaranta ta taso, kan gidanmu ya rabu uku.

Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce a kai ta Kano, makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, tunda can akwai dangi, akwai addini. Ban musa mata ba, amma raina bai kwanta ba. Yarinyar da ko ciwon ciki ni kaɗai nake gane yadda take nuna shi, yaya zan tura ta wata uwa duniya?

Shi kuma maigida, da yake tun asuba yake fita abbatuwar Oko-Oba, kusa yake so. Ya ji cewa tun 2011 jihar Legas ta yi dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, har da hukumar LASODA mai kula da al'amuransu, kuma wasu firamaren gwamnati suna da sashen da ake karɓar irin su Ummi tare da sauran yara. Ya ce, "Maman Ummi, in muka ware ta tun yanzu, yaushe za ta saba da mutane?" Maganarsa tana kan hanya. Ɗan maƙwabciyarmu da shan inna ta taɓa ƙafafunsa irin wannan makarantar yake zuwa a kekensa, kuma yana ƙoƙari sosai. To amma shi kunnensa garau, abin da malam ya faɗa ya shiga.

Na je ɗaya daga cikin makarantun nan na wuni. Malamar sashen mutuniyar kirki ce, Allah ya saka mata. Sai dai ita kaɗai ce a kan yara masu lalura iri-iri: ga kurame biyu, ga masu galahanga, ga wani yaro da ke toshe kunnuwa yana ihu duk sanda aka buga ƙararrawa. Da aka fita tara, kuramen nan biyu suka raɓe jikin bango suna kallon masu wasan ƙwallo. Babu wanda ya tsangwame su, babu kuma wanda ya san yadda zai ce musu ku taho. A takarda suna tare da kowa, amma ni kaɗaici na gani.

Sai wata ma'aikaciyar jinya ta yi mini kwatancen makarantar kurame ta Wesley da ke Surulere. Daga Agege sai ka bi ta Oshodi, ka sha cunkoso, ka sauya danfo. Muna shiga harabar na ga hannaye suna ta tashi ko'ina, yara na gardama, na dariya, na tsegumi, duk da yatsu. Wata yarinya mai gibi ta zo ta dafa Ummi, ta nuna kitsonta, ta yi wata alama a fuska. Ummi ta kwaikwaya, aka gyara mata yatsa, ta sake. Kafin mu gama da ofis ta saki zanena ta bi su.

A nan na yanke shawara. Ummi harshe take buƙata kafin komai, kuma harshe a wurin abokan hira ake samunsa, malama ɗaya ba za ta wadatar ba.

Hajiya ta ce sunan makarantar na coci ne. Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, alwala da salla ni zan koya mata da hannuna, in sha Allahu." Maigida ya kawo batun nisa, nan ma Allah ya kawo mafita: yayata tana aure a Idi-Araba, ta ce Ummi ta zauna wurinta Litinin zuwa Juma'a.

Saura matsala ɗaya. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantar tushenta daga Amurka yake, da Turanci take tafiya, ta sha bamban da nune-nunen da muka saba a gida. Dole ni ma in koma ɗaliba, ga goyon Abba a bayana. Yadda na fara, da abin da maigida ya ce da na nemi izini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.