Dutsen Labari a Allon Aji Shida

Shekara tara na yi ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata a Kano kafin takardun da maigidana ya cike mini su fito, na same shi a Bronx, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin New York. A watan Janairu na sauka. Sanyin da na tarar ba hunturunmu ba ne da ake hura wuta a tsakar gida a ji ɗumi, wannan har cikin haƙori yake shiga. Wata uku ban fita ba sai da dalili. Ina zaune a hawa na biyar, ina kallon jirgin ƙasa mai lamba 4 yana wucewa a kan gadarsa ta ƙarfe, ina kewar hayaniyar ajina.

Takardun da na zo da su ba su isa a miƙa mini aji ba. Sai an tantance su, an ɗauki hoton yatsuna, na rubuta jarrabawar jiha. Kafin nan na samu aikin mataimakiyar malama a wata makarantar tsakiya, wato aji shida zuwa takwas, yara 'yan shekara 11 zuwa 14, kusan sa'annin waɗanda na baro. A gida yara tamanin nake tsayawa gabansu. Nan ba su cika talatin ba, kuma aka ba ni tebur guda mai yara biyar sababbin zuwa: biyu daga Jamhuriyar Dominika, ɗaya daga Bangaladash, wani Bafulatani daga Gini, sai wata yarinya shiru-shiru da na ɗauka ba ta da abin faɗa. Rannan ta ji ni ina sallama da maigidana a waya, ta matso ta ce, "Anti, kana jin Hausa?" 'Yar Zangon Kumasi ce, Hausarsu ba ta cika raba mace da namiji ba. Ranar na koma gida da fara'a kamar na haɗu da 'yar ƙanwata.

Tsarin da yawancin jihohin Amurka suka karɓa daga 2010 ya kasa rubutun ɗalibi gida uku: na kafa hujja, na bayani, da na labari. A makarantarmu da na labari ake buɗe shekara a watan Satumba. Malamar ajin, wata dattijuwa mai haƙuri, ta zana dutse a allo. A gindinsa ana gabatar da mutane da wuri da lokaci. Sai matsala ta kunno kai, ana hawa, al'amari yana ƙara tsanani har a kai ƙololuwa, sannan a gangaro zuwa warwara. Asalin zanen na wani marubucin Jamus ne, Gustav Freytag, wanda ya fito da shi a 1863 don fayyace wasan kwaikwayo. Ba baƙon abu ba ne a wurina, don a darasin adabi mun yi jigo da zubi da tsari da taurari. Abin da ya zo mini sabo shi ne aikin da aka ba yaran: kowa ya ɗauko ɗan lokaci guda daga rayuwarsa, minti goma ma ya isa, ya buɗe shi ya cika shafi biyu, da bakinsa, yana cewa "ni".

Mu insha'in da muka saba shi ne "yadda na yi hutuna". Yarinya ta tashi da asuba, ta yi salla, ta share gida, ta ziyarci gwaggonta, hutu ya ƙare. Ni kuma in bi da jan biro ina farautar kuskuren nahawu. Shekara tara ban taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu me ya tsaya mata a rai a hutun ba, kuma wannan yana damuna har yanzu.

Yaran teburina sun kwafe dutsen tsaf amma bai shige su ba. Sai na roƙi malamar ta ba ni minti goma. Na ce da yarinyar nan, "Ga ta nan, ga ta nanku." Kafin ta ankara bakinta ya amsa, "Ta zo mu ji ta." Na ba su labarin Gizo da hankaki da Turanci mai sauƙi: ɓaure a tsakiyar kogi, Gizo ba shi da fiffike, hankaki suka tara masa gashi ɗaya-ɗaya, ya je ya hana kowa taɓa 'ya'yan itacen, suka fusata kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan reshe ruwa na gudu a ƙarƙashinsa. Na tsaya nan. Na tambaye su me Gizo yake so, me ya tare masa hanya, a ina numfashinsu ya ɗauke. Bafulatanin ya tashi ya ɗora yatsa a kan ƙololuwar dutsen. Yarinyar ta ce su ma maƙwabtansu Asante suna da shi, Ananse suke ce masa. Da na rufe da "ƙurunƙus kan kusu", sai da suka sa na maimaita sau uku suna gwadawa.

Amma tatsuniya iyakarta nan. Gizo ba ya canjawa, yadda ya shiga labari haka yake fita. Su kuwa a nan so suke a ga abin da ya motsa a cikin mai labarin. Nan muka ci karo da kunya. Yarinyar ta rubuta layi uku a kan ranar da ta rabu da kakarta, ta ajiye fensir. Na ce ta ƙara. Ta ce, "Anti, maganar gida ce." Ban ga laifinta ba. A ganina akwai malaman da ke ɗaukar cewa labari bai yi kyau ba sai yaro ya tone cikinsa, alhali yaron da aka raina a kan rufin asiri yana da haƙƙin ya zaɓi abin da zai bari a zuci.

Malamar tana da wata ƙa'ida da take nanatawa: kada ka gaya wa mai karatu cewa ka ji baƙin ciki, nuna masa abin da ya faru ya ji da kansa. Da daddare ina wanke-wanke na gane cewa ai mu haka muke rayuwa. Washegari na rubuta nawa a gabansu, kamar yadda ake so malami ya yi. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ranar tafiyata ba ta raka ni ko zaure ba. Tana zaune a kan tabarma tana tsince wake a faifai, na durƙusa na ce zan tafi, ta ce "Allah ya kiyaye hanya" ba ta ɗago kai ba. Hannunta dai ya tsaya cak a cikin waken. Sai da na buɗe akwati a Bronx na ga ƙullin kuka a ƙasan kayana, an ɗaure shi da tsohon ɗankwalinta mai ruwan goro.

Ajin ya yi tsit. Wata 'yar Dominika ta tambaya cikin damuwa ko Inna ba ta sona ne. Kafin in buɗe baki 'yar Kumasi ta juya ta ce mata, "Ba ki ga hannun ba?" Karo na farko ke nan da na ji ta yi magana a gaban kowa.

Na ce wa 'yar Kumasi kada ta rubuta abin da zuciyarta ta ji, ta rubuta abin da hannun kaka ya yi kawai. Mako biyu tana gogewa tana sakewa. Abin da ta miƙa shafi ɗaya ne da rabi. Daren tafiya kaka ta ɗauko kayan makarantarta, waɗanda ba za ta sake sawa ba, ta wanke su a bokiti, ta shanya, ta goge da dutsen guga na gawayi, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin matashinta. Babu kalmar kuka ko kewa ko ɗaya a ciki. Akwai kurakuran nahawu goma sha wani abu, na bar su sai zagaye na ƙarshe muka gyara tare.

Ranar Juma'a aka yi bikin karanta rubutu, aka jera kujeru da'ira. Ta ƙi karantawa, malamar kuma ba ta matsa mata ba. Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a baya, ta ce, "Anti, za ka taya ni mayar da shi Hausa? Ran Lahadi muke kiran kaka a WhatsApp." Muka koma teburin, na jawo mata kujera, muka fara daga bokitin.