Asabar a Stratford

Yau na hau jirgin ƙasa daga Birmingham zuwa Stratford-upon-Avon, garin da aka haifi Shakespeare, marubucin wasannin kwaikwayo, a 1564. Ana yayyafi, sanyi kuwa sai wanda ya ji. Layin shiga gidan haihuwarsa ya yi tsawo, sai na wuce kai tsaye bakin kogin Avon, inda gidan wasan ƙungiyar Royal Shakespeare Company yake.

Dattijuwar da ta zaga da mu ta san gidan ciki da bai. Wani attajirin garin mai sana'ar giya, Charles Flower, shi ya ba da fili, aka buɗe ginin farko a 1879. Gobara ta cinye shi a 1926. Wanda ya maye gurbinsa a 1932 mace ce ta zana shi, Elisabeth Scott, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Sunan da ƙungiyar ke amsawa yanzu kuwa sai a 1961 ta same shi, zamanin daraktanta Peter Hall. Ta nuna mana katakon da muke takawa a zaure, duk ya sha ƙafa ya yi sheƙi, ta ce na tsohon dandamali ne aka ciro aka shimfiɗa. Na ɗan ɗaga takalmina, kunya ta kama ni don da laka.

Babban ɗakin yana da kyau, amma ɗaya ɗakin wasan, wanda ake kira Swan, shi ne ya tafi da ni. A 1986 aka gina shi cikin kangon da gobarar ta bari. Ƙarami ne, katako ko'ina, 'yan kallo sun kewaye dandamali ta gefe uku, har kana iya ganin gumin ɗan wasa. A nan ake farfaɗo da wasannin tsararrakin Shakespeare, irin su Marlowe da Ben Jonson, waɗanda sunansa ya danne. A ganina wannan ya fi maimaita Romeo da Juliet wuya, ya kuma fi amfani.

Na tsaya gaban hoton Paapa Essiedu, ɗan asalin Gana, ɗan wasa baƙar fata na farko da ya fito a matsayin Hamlet, jarumin wasan Shakespeare mai wannan suna, a ƙungiyar, a 2016. Sai 2016 fa!

Abin dariya, wasan yara mai waƙe-waƙe, Matilda, da suka fara a 2010, ya daɗe yana kawo musu kuɗin da suke riƙe Shakespeare da shi.

Na sayi tikitin Swan na wata mai zuwa, kujerar can sama, wadda aljihuna ya iya.