Ƙwayar da Na Raina

Ɗan ƙanwata ne ya tsokano wannan magana. Bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, amma ƙofar zuciyarsa ta tsuke sanadin ciwon maƙogwaron ƙuruciya da aka yi sakaci da shi, ga bugun zuciya ya rikice, abin da likitoci ke kira AF. Aka ɗora shi kan warfarin, maganin tsinka jini. Na tambaye shi yaushe rabonsa da gwajin jini, ya ce, "Kawu, ai na daina sha. Na gani a TikTok maganin ɓera ne." Ko kai bai ɗago daga waya ba. Na buɗe baki zan yi masa tas, kunya ta hana ni.

Ni ma ina da wannan rikicewar bugun zuciya, nawa hawan jini ne ya jawo shi. Ina zaune lafiya sai in ji ƙirjina na fuffuka kamar an yanka kaza, numfashi ya yi sama. A gida aka ce tsorata ce, wasu suka ce iska. Na sha rubutu, na sha hayaƙi, kafin a ƙarshe a yi mini ECG, gwajin bugun zuciya. Likita ya zana mini a takarda: ɗakuna biyun saman zuciya sun daina matsa jini, karkarwa kawai suke yi. Jinin da ya kwanta sai ya yi guda, gudan kuma in ya ɓalle ya nufi ƙwaƙwalwa, shi ke nan shanyewar ɓarin jiki. Ya ce mai wannan ciwo haɗarinsa ya ninka na sauran mutane kusan sau 5. Ya rubuta bisoprolol don rage gudun bugun, da warfarin don hana jini yin guda.

Bisoprolol na ga aikinsa, ƙirji ya lafa. Warfarin kuwa ban ji ya yi mini komai ba sai wahala. Kullum ana neman ka gwajin INR, wato awon tsinkewar jini, a ce dole lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3, yau a ƙara rabin ƙwaya, gobe a rage. Kuɗin mota, layi tun asuba, shago a rufe, ga kuɗin makarantar yara. In na yi asuwaki dasashi ya yi jini. Wani mai kemis ya ce aspirin ma tsinka jini yake yi, kuma ba ruwansa da gwaji. Na koma kansa. Har yau nakan ce da an zaunar da ni an yi mini bayani da kyau, da ban yi ba. Amma Allah ya sani an yi mini, har da zane. Sai dai shi mai zanen ba shi ke ciyar da gidana ba, wannan ma gaskiya ce. To, ganganci dai ganganci ne.

Ina alwala wata asuba buta ta suɓuce daga hannuna na hagu. Na kira uwargida, maganar ta ƙi fita daidai. Maimakon asibiti sai aka kwantar da ni ana shafa mai, ba a kai ni ba sai yamma. Yanzu ina tafiya da ƙafata, alhamdu lillahi, amma maɓallin riga sai an saka mini.

Batun ɓera kuwa ba ƙarya ba ne. A 1948 aka fara sayar da warfarin a Amurka don kashe ɓeraye, a 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 har shugaban ƙasarsu Eisenhower aka ba. Awo ne ya raba magani da guba, gwajin da na guda shi ne awon. Amma yaran yanzu bidiyon daƙiƙa talatin ya fi musu likitan da ya yi furfura a ɗakin masu ciwon zuciya.

Na yi niyyar jero muku shawara goma, na duba na ga ba su kai ba. Kada ku ajiye maganin tsinka jini don kun ji sauƙi, gudan jini ba ya sallama. Warfarin na rage haɗarin shanyewar jiki da kusan kashi biyu cikin uku, aspirin bai kama ƙafarsa ba. In gwaji ya ishe ku, ku tambayi likita apixaban ko rivaroxaban, ba sa buƙatar INR, aljihu ne kawai zai yi kuka. Amma mai tsukakkiyar ƙofar zuciya irin ɗan ƙanwata, ya haƙura: binciken da aka fitar a 2022, har da majinyata daga Afirka, ya nuna warfarin ya fi masa. Wanda aka saka wa ƙofar zuciya ta ƙarfe ma haka.

Ku daina sayen magani da ka. Diclofenac, ibuprofen, Flagyl, Septrin, kowanne in ya haɗu da warfarin yana iya ɓalle jini. Kada ku miƙa wa wanzami baya ya yi ƙaho. Mace mai niyyar ɗaukar ciki ta faɗa tun da wuri, warfarin na illata ɗan tayi. Zogale da alayyahu suna rage ƙarfin warfarin, sai dai ba a ce ku daina ci ba, ku ci daidai yadda kuka saba. Ni dai na daina, tsoro ya hana ni. Kada ku bi nawa.

Na san abin da kuke so, a yi sau ɗaya a gama. Akwai jan wutar lantarki da ake yi wa ƙirji bugu ya daidaita, akwai aikin zura siririyar waya ta jijiyar cinya a ƙone inda rikicin ke tasowa. Suna aiki, amma ciwon yakan dawo, kuma da yawa ko bayan an yi musu ba a sallame su daga ƙwayar ba.

In kun ga baƙin bayan gida ko haɓon da ya ƙi tsayawa, asibiti. In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, a tari mota nan take. Addu'ar a yi ta a hanya.