Asabar, da maganar da auta ya yi

Ruwa tun asuba, sanyin Janairun Cardiff ɗin nan mai shiga ƙashi. Na dawo aikin dare ban runtsa ba sai bayan azahar. Wanki na nan a kwando yana jirana.

Da la'asar na soya ƙosai nace bari in miƙa ma Baba na gidan ƙasa, auta ya biyo ni. Mun same shi ya lulluɓe gwiwa da bargo yana kallon gasar bols ta duniya a BBC, wadda ake yi cikin ɗaki duk Janairu a wurin shaƙatawa na Potters can Norfolk a Ingila, kan shuɗin kafet ɗin nan, ɗakin tsit kamar ana jarabawa. Mutum ya durƙusa ya mirgino ƙwallo a hankali yana so ya tsaya kusa da ɗan ƙaramin da suke kira jak. Kawai sai yaron nan ya buɗe baki, da Turanci kuma, wai Mama wannan ai wasan tsofaffi ne. Wallahi ji nayi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba bai yi fushi ba, abun da ya tsaya min a rai kenan, remot ya ɗauka ya rage sauti kamar shi ne yayi laifi. Can sai yace ma yaron zo zauna, ka san Robert Weale? Ɗan Presteigne ne, wani ɗan ƙaramin gari a nan Wales, a bakin iyaka da Ingila. Yace yana da shekara 23 ya ci zinare a wasannin ƙasashe renon Ingila a Edinburgh, 1986, su huɗu a ƙungiya, to ina tsufa a nan? A 2000 kuma a wannan ɗakin da muke kallo ya zama zakaran duniya, wanda ya doke a wasan ƙarshe ma ɗan Wales ne, John Price. Sannan 2010 a Delhi, a wasannin renon Ingilan nan kuma, shi kaɗai, ya doke Leif Selby na Ostareliya ya sake ɗauko zinare yana da 47. Baba ya ƙirga da yatsu, shekara 24 tsakanin zinaren farko da na biyu, muryarsa har rawa take.

Ya sa auta ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin kujera, ƙwallayensa ne guda huɗu, baƙaƙe, sun sha hannu har suna sheƙi. Ya ɗora masa ɗaya a tafi, nauyi ya kusa suɓuce masa. Ya nuna masa yadda gefe ɗaya ya bambanta da ɗayan, shi yasa baya tafiya miƙe, sai ka jefa shi gefe ya lanƙwaso ya dawo. Gwiwa ce ta raba shi da fili, amma ji yadda jakar take tsaf ba ƙura.

Na yi ma auta faɗa a matakala, ƙila ma ya yi yawa, ya yi kuka. Amma ni kaina tun zuwanmu nake wuce filin ciyawar nan na unguwa ina ganin masu wasan bols cikin fararen kaya, a zuciyata abun da yaron ya faɗa nake faɗa, ni dai ban furta ba ne. A ina ya koya in ba a wurina ba?

Maigida ya dawo a gajiye, ban ma bashi labari ba. Tuwon semo miyar kuka.

Yanzu sha ɗaya saura, har yanzu hannun Baba nake gani kan remot ɗin nan. Gobe akwai wasa da rana, zamu sauka ni da auta, zan ce masa ya ƙara sauti.