Da bakina na kashe dariyar da na sha wuya kafin in samo

Wata huɗu na yi ina karanta littattafan koyon barkwanci na kan dandamali kafin in taɓa riƙe makirufo, kuma ba zan ce ɓata lokaci ba ne. A cikinsu na gane cewa barkwanci gida biyu ne: shimfiɗa, wadda ke sa mai sauraro ya ɗauki wani zato, sai bugu, wanda ke kifar da zaton. Na koyi cewa kalmar da ke ɗauke da dariyar ita ake ajiyewa a ƙarshen jimla. Ga misali daga cikin nawa: "Na sayi agogo mai ƙararrawa don in riƙa sammako. Yana aiki sosai, kullum ƙarfe biyar yake tayar da maƙwabcina." In ka juya ta ka ce "maƙwabcina yake tayarwa kullum da ƙarfe biyar na safe", ka zubar da ita, domin mutane sun riga sun ji abin dariyar kai kuma kana ta jan magana. Wannan duk littafi ya ba ni, na gode masa. Yadda ake yin shiru ne bai iya koya mini ba.

Sabon shiga minti biyar ake ba shi. Na zauna na rubuta abin da zai cika minti biyar cif, kalma kusan 780, na haddace shi kamar aku, na gwada da agogo a gaban madubi ya fi sau talatin. Madubi kuwa ba ya dariya. Ban bar wa dariya ko daƙiƙa ɗaya a lissafina ba. Da na hau, na saki bugun farko, ɗakin ya fara ɗauka, ni kuma tsoro ya ce mini lokaci na tafiya, sai na afka wa layi na gaba. Dariyar ta yanke kamar an rufe famfo. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Daga minti na biyu zuwa ƙarshe murmushi kawai nake gani, ba sauti. Na sauka ina cewa rubutun ne bai yi ba, na kuwa je na yayyage barkwanci shida masu kyau na sake sababbi. Sau huɗu ina hawa ina maimaita wannan wauta, ina canja rubutu alhali ciwon ba can yake ba.

Wani da ya fi shekara goma sha biyar a harkar ne ya tare ni bayan hawa na huɗu. Ya ce, "Ƙanena, wa ke bin ka da gudu?" Na ce, "Yallaɓai, lokaci ne." Ya ce in kunna abin da na ɗauka a waya. Muka saurara tare, yana ɗaga yatsa duk inda dariya ta taso. Sau goma sha ɗaya ta taso, ba wadda ta kai daƙiƙa biyu, kuma kowace muryata ce ta danne ta.

Bayanin da ya yi mini shi ne: 'yan kallo ba sa son abin da za ka faɗa ya wuce su. In ka yi magana suna cikin dariya, haɗiye ta za su yi don su ji. Ka yi musu haka sau biyu ko uku, sun koyi darasi, sun gane cewa a wurinka ba a dariya da ƙarfi. Kai da kanka ka hore su. Abin haushin, da na koma gida na buɗe ɗaya daga cikin littattafan, ga gargaɗin nan a rubuce, har na ja masa layi da biro. Na karanta, amma ban san nauyin daƙiƙa huɗu ba sai da na tsaya a gaban mutane hamsin bakina a rufe. Ji za ka yi kamar shekara.

Ga yadda na gyara. Na rage rubutun zuwa kalma 500 ko ƙasa da haka, sauran lokacin na 'yan kallo ne. Ita dariya tashi take yi, ta kai ƙololuwa, sannan ta fara gangarowa. A gangarowar ake shiga, bayan ta wuce tsakiya amma ba ta mutu ba. Ka shiga da wuri ka yanke ta, ka jira har ɗaki ya yi tsit kuma sai ka sake hura wuta daga farko. A daidai wannan gaɓa ake sa wutsiya, wato ɗan gajeren ƙari da ba ya bukatar sabuwar shimfiɗa. Bayan "maƙwabcina" ina jira, in ta fara sauka in ce, "Har an ƙara masa girma a wurin aiki." Da can a numfashi ɗaya nake haɗa su, biyun su tashi a dariya guda, rabi ma. Girman ɗaki shi ma yana canja lissafin: a babban zaure dariya tana ɗaukar lokaci kafin ta zagaya ta dawo, jiran ya fi tsawo, a ƙaramin ɗaki kuwa nan da nan take ƙarewa.

Me za ka yi da kanka a lokacin jiran? Ka tsaya a yanayin da ka faɗi maganar, fuska ba ta canja ba, ido a kan mutane. Kada ka kalli ƙasa, kada ka riga su dariya, kada ka cike gurbin da "to", "kun gane ai", "wallahi kuwa". Waɗannan ƙananan kalmomi ma danne dariya suke yi, kuma su suka fi wuyar bari.

Sauran abubuwan da na tsinta wurin manya ba su da wahala. In ka cire makirufo daga sandarsa, ka matsar da sandar bayanka. Ka riƙe shi kusa da haɓa, kada ya riƙa yawo da hannunka. Mafi ƙarfin barkwancinka a ƙarshe, mai bi masa a farko. In aka haska maka fitilar saura minti ɗaya, ka nufi rufewa, cin lokacin wani shi ne abin da masu shirya taro ba sa mantawa. Kada ka yanke wa barkwanci hukunci sai ka gwada shi a wurare uku daban, dokar da da na san ta da shidan nan nawa ba su tafi kwandon shara ba. Kuma ka yi hattara da yawan kallon gwani ɗaya, muryarsa za ta shige ka ba ka sani ba. Ni yanzu in zan kalli gwani, agogo nake riƙewa ina ƙirga tsawon shirunsa, na bar kwaikwayon lafazinsa.

Steve Martin, shahararren ɗan barkwancin Amurka, ya ce shekara 18 ya yi yana wannan sana'a, 10 daga ciki koyo ne zalla, don haka ba na jin kunyar hawa huɗu. Shidan nan dai suna ci mini rai. Biyu kawai na iya tunowa na sake ginawa, kuma ɗayansu ne nake rufewa da shi yanzu. A takardata, bayan kowane bugu akwai jan layi a tsaye, ma'anarsa rufe baki. Duk da haka, a makon jiya da na saurari abin da na ɗauka, na kama kaina na taka dariya biyu.