Bijimin Wall Street da takardar Baba

Tunda aikina ya dawo gida na maida ƙaramin ɗakin da muke jibge tarkace ya zama ofis, tebur ɗaya, kujera, laftof, sai fanka mai caji saboda halin wutar nan tamu. Komai ya yi sai bangon bayana, fari fat, duk sanda muka hau mitin a Zoom sai in ga kamar daga asibiti nake magana. To da yake ɗan abin da nake samu ina jefa wani abu a kasuwar hannun jari, sai na ce bari in nemo hoton da ya shafi harkar in rataya.

Duk inda ka duba a intanet abu na farko da za a nuna maka bijimin nan ne na Wall Street, titin hada-hadar hannun jari na New York. Na tagulla ne, wani ɗan asalin Italiya Arturo Di Modica ya ƙera shi da kuɗin aljihunsa bayan kasuwa ta faɗi a 1987, cikin dare a watan Disambar 1989 ya loda shi a mota ya sauke gaban kasuwar hannun jari ta New York ba izinin kowa, hukuma ta kwashe shi, mutane suka yi ca, shi ne aka dasa shi a Bowling Green, wani ɗan dandali a nan kusa, inda yake har yau. Wai bijimi sama yake kai suka da ƙaho, shi ya sa ya zama alamar kasuwa na tashi. Labarin ya burge ni gaskiya, na tura wa mai buga fosta ya yi min ƙato ya sa a firem.

Kwana uku da ratayewa Umma ta zo duba jikoki, ta leƙo ɗakin ta tsaya tana kallon bango.

"Kai kuma yaushe ka fara kiwon shanu?"

Na hau yi mata bayani, har da su 1987. Ta bari sai da na gama tsaf sannan ta ce, "A ɗakin da kake shimfiɗa darduma?" Na ce Umma ai hoto ne kawai ba gunki ba. Ta ce, "Hoton gunki ne ai." Wallahi na rasa ta cewa, a daren na sauke shi.

Sai na koma kan jadawalin nan mai kyandirori kore da ja da ke nuna hawa da saukar farashi, shi ba rai a ciki ba mai magana. Asalinsa ma daga 'yan kasuwar shinkafa na Japan ne. Amma fa ni wuni nake ina kallon kyandiroran nan a waya har ido ya yi yaji, kuma in ɗaga kai in same su a bango? Sannan na lura duk waɗanda ake sayarwa sama kawai suke hawa kamar jirgi, ba ko tuntuɓe, wacce kasuwa ce haka don Allah.

Sati na zagayowa Umma ta aiko ƙanina da wata baƙar leda. Ina buɗewa na ga satifiket ɗin hannun jarin marigayi Baba, na wani banki da ya saya a 2007 lokacin da kowa ke rububi, har masu shago da malaman makaranta. A Maris ɗin 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000, shekara ɗaya bayan nan ya dawo wajen 20,000, bankin ma daga baya sunansa ya ɓace. Kuɗin fili ne Baba ya zuba, kuma ban taɓa jin ya ɗaga maganar ba. Takardar ta yi ruwan ƙasa, gefenta ado ne kamar na takardar kuɗi, ga hatimi, ga sawun ninki huɗu, ga sunansa da aka buga da tafireta har an ci harafi ɗaya. Yanzu ba a ba da irinta ma, komai na cikin kwamfutar CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan hannun jari.

Takardar na kai aka sa wa baƙin firem siriri. Da farko na rataye ta tana fuskantar taga, gilashin na ƙyalli ba a ganin komai, sai na matsar da ita gefen shelf. Jiya a mitin wani abokin aiki ya tambaye ni ko digirina ne, na ce a'a, na Baba ne.